Waiwaye: Baƙin Da Suka Zo Da Ƙafarsu

Ina aji uku a firamare aka dawo da gwaggona gida. Na tuna ranar sarai, domin ni aka ɗora wa ƙullin kwanukanta daga bakin mota zuwa zaure. Shekara tara ta yi a ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A cikin shekarun nan babu abin da ba ta sha ba: rubutu, saiwa, jiƙo, har da wani baƙin gari mai ɗaci da aka ce daga gabas aka kawo shi. A shekara ta biyar aka yi mata kishiya, ta haƙura. A ta tara aka miƙa mata takarda. Kakarmu ta tarbe ta a tsakar gida tana cewa, "Yi shiru 'yar nan, haihuwa ta Allah ce." Amma a gidan suna da gidan biki, da zarar ta ba da baya, sunan da ake kiranta da shi guda ne, wato juya.

Bayan shekara biyu wani ɗan kasuwa da matarsa ta rasu ya aure ta, ta haifa masa 'ya'ya huɗu. Mijinta na fari kuwa ya yi ta aure yana saki har tsufa ya cim masa, ya koma ga Allah bai ga ɗan kansa ba. Bai taɓa taka asibiti domin a duba shi ba, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ya je. Ina yaro haushinsa nake ji. Yanzu da na manyanta tausayinsa nake ji kamar yadda nake jin na gwaggo, domin shi ma an bar shi cikin duhu.

Abin da ya dawo mini da wannan labari shi ne karatun da na yi kwanan nan a kan yadda masana suka gano asalin ƙwayoyin da ake samun 'ya'ya daga gare su. Na tarar manyan malaman Turai sun shafe kusan shekara tamanin suna tafka kuskure irin na 'yan unguwarmu: sun ga abu a wuri, sai suka yanke hukunci cewa a nan aka haife shi.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, na fata daban, na jini daban, na ƙashi daban. Duk waɗannan tare da mai su za su shiga kabari. Akwai wasu 'yan kaɗan da aka keɓe domin su tsallaka zuwa zuriya ta gaba, su ne ke zama ƙwai a jikin mace, su zama 'ya'yan maniyyi a jikin namiji. Zan kira su ƙwayoyin iri, domin duk wanda ya tashi a gidan noma ya san damin da ake warewa tun ranar girbi a ce wannan ba na tuwo ba ne, na shuka ne.

A 1870 wani shahararren malamin ilmin sassan jiki a Jamus, Wilhelm Waldeyer, ya wallafa littafi a kan gidan ƙwai na mace. Ya duba da madubin ƙara girma, ya ga ƙwayaye a kusa da tantanin da ya lulluɓe gidan ƙwan, sai ya ce ai wannan tantanin ne ke haifar su. Waldeyer ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne ya raɗa wa zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta sunan kuromosom a 1888, sunan da kowane ɗalibin kimiyya ke furtawa yau. Saboda girmansa maganar ta zauna daram, har aka sa wa tantanin suna mai ma'anar "tantani mai tsirar da iri", kuma sunan yana nan a wasu littattafan likitanci har gobe, duk da an daɗe da sanin ba haka abin yake ba.

Shekara goma bayan haka, a 1880, Moritz Nussbaum ya duba kwaɗi da kifaye ya ce shi abin da ya gani daban ne. Ƙwayoyin iri tun farkon halitta ake ware su, a wani wuri can nesa, daga baya suke zuwa gidansu. August Weismann na Jami'ar Freiburg ya ɗauki irin wannan tunani ya faɗaɗa shi, ya ce abin da ya sami jiki a rayuwa ba ya shiga cikin iri. Domin ya nuna haka, ya yi ta yanke wa ɓeraye wutsiya har zuriya biyar. Aka haifi 'ya'ya 901, babu ko ɗaya da ya zo gundul. Mu nan ba ma bukatar ɓera kafin mu yarda da wannan. Ɗaruruwan shekaru wanzamai suna yi wa kakanninmu kaciya da tsaga, amma ba a taɓa haihuwar yaro da zube ko kalangu a kumatu ba.

Duk da haka gardama ba ta mutu ba, domin kwaɗo ba mutum ba ne. Sai a 1948 Emil Witschi, ɗan asalin Suwizalan da ke koyarwa a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya yi aikin da ya karya ƙashin bayan maganar Waldeyer. A birnin Baltimore cibiyar Carnegie ta daɗe tana tara 'yan tayin mutane da likitoci ke aiko mata bayan ɓari ko tiyata, an yanka su siriri-siriri an manna a gilashi. Witschi ya jera su bisa kwanakinsu, daga ƙarami zuwa babba, ya yi aikin mai bin sawu. Ƙwayoyin iri sun fi maƙwabtansu girma, kuma zagayayyu ne, don haka ana iya shaida su. A kowane ɗan tayi ya tambayi kansa: yau kuma ina suka kwana?

Ga abin da sawun ya nuna. A wajen ƙarshen mako na uku zuwa farkon na huɗu da shigar ciki, lokacin da ɗan tayi bai kai ƙwayar shinkafa ba, ana ganin ƙwayoyin iri a bangon wata 'yar jaka da ke maƙale da shi, wadda ake kira jakar gwaiduwa saboda kamarta da ta ƙwan kaza. 'Yan gommai ne kawai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a wannan lokaci a wajen jikin ɗan tayin suke, kuma gidan da za su zauna ko harsashinsa ba a sa ba.

Daga nan ayari ya tashi. Zangon farko ba da ƙarfinsu suke yin sa ba. Ɗan tayi da farko shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, sai ya naɗe, kai da gindi su tanƙwaro, gefe da gefe su haɗu. A cikin wannan naɗewa wani ɓangare na bangon jakar yakan shige ciki ya zama ƙarshen hanji, ya tafi da baƙin da ke kansa. Zango na biyu kuwa da ƙafarsu suke yi. Sukan fice daga bangon hanji, kowace ta miƙa wani sashe na jikinta gaba ta jawo sauran, su hau ta cikin tantanin da ya rataye hanji a jikin baya, su rarrafa sama, sannan su rabu gida biyu, wasu dama wasu hagu. A can kusa da inda ƙoda ta farko take, wasu 'yan tudu biyu sun fara tasowa a gefen ƙashin baya. Nan ne masauki. A mako na biyar zuwa na shida suke isa, kuma suna tafe suna rabuwa biyu-biyu, ta yadda waɗanda suka tashi su gommai za su sauka su dubbai.

Ba su da ido, ba su da madugu. Abin da aka gano daga baya shi ne masaukin da kansa ke fitar da wasu sinadarai, su kuma suna da abin shinshinar su a fatarsu, sai su bi inda ƙanshin ya fi ƙarfi. Ƙwayoyin da ke bakin hanya su ma suna ba su wani sinadari da ke raya su, kamar masu ba matafiyi ruwa. Wadda ta kauce ta rasa wannan guzuri, yawanci mutuwa take yi. Duk wannan hidima tana gudana ne a makonnin da uwa take cikin lissafin ɓatan wata, tana cewa bari dai a ga wata mai zuwa. Wanda ya tsaya ya yi tunani a kan wannan, ba ya bukatar a ce masa ya yi tasbihi.

Hujjar da ta rufe bakin kowa daga hannun mata biyu ta fito. Beatrice Mintz, wadda ɗalibar Witschi ce, da Elizabeth Russell sun yi nazarin wasu ɓeraye a 1957 waɗanda ake haifa farare, da ƙarancin jini, kuma ba sa haihuwa. Sun tarar ƙwayoyin irinsu suna tashi daga inda na kowa ke tashi, amma ba sa yawaita a hanya, kaɗan ne ƙwarai ke isa. Gidan ƙwai ko maraina ya ginu, sai dai wayam. Da a ce tantanin Waldeyer na iya tsirar da iri, da ya cike giɓin. Bai cike ba. Rumbu ba ya haifar hatsi, kawo masa ake yi.

Ko jakar gwaiduwar ma ashe zango ce. A 2016 masana a Jami'ar Kyoto ta Japan suka bi sawun a jikin birai zuwa baya, suka tarar ƙwayoyin sun fara bayyana tun kafin nan, a tantanin da zai zama jakar ruwan da ke kewaye ɗan tayi. Shekara guda kafin haka, ɗakin binciken Azim Surani, haifaffen Kenya da ke aiki a Kambirij ta Ingila, ya nuna cewa ƙwayar gadon da ke fara ware iri a jikin mutum ba ita ce ke jan ragamar wannan aiki a jikin ɓera ba. Ilmin yana nan yana tafiya.

Idan baƙi sun sauka, sai hanya ta rabu. Har zuwa mako na shida tudun nan biyu iri ɗaya ne ga kowa. A mako na bakwai, idan ɗan tayi yana ɗauke da kuromosom ɗin Y, wata ƙwayar gado da ke kansa, wadda aka gano a Landan a 1990 aka sa mata suna SRY, takan farka ta juya tudun ya zama maraina. Idan babu ita, ya zama gidan ƙwai. To, ƙwan mace kuromosom ɗin X kaɗai yake ɗauke da shi, ko yaushe. Ɗan maniyyi ne ke zuwa da X ko Y. Tun 1905 wata Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano wannan tsari a jikin ƙwari. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yanzu akwai gidajen da ake ɗaure wa mace fuska ranar suna saboda ta sake haihuwar mace, har a ce a nemo wadda za ta haifi magaji. An bar jaki ana dukan taiki, alhali ko jakin ma ba shi ya zaɓa ba. Maigida ba shi da ikon tura Y ya hana X. Kyauta ce, wanda ya ba da ita Shi ya san dalilinSa.

A jikin 'ya mace abin da ke biyo baya yana da ban mamaki da ban tausayi. Ƙwayoyin sukan yi ta yawaita ba ji ba gani. Wani masani a Ingila, T. G. Baker, ya ƙirga su a 1963: kimanin 600,000 a wata na biyu, kusan miliyan 7 a wata na biyar. Daga nan sai raguwa. Ranar haihuwa saura kimanin miliyan 2, a shekara bakwai kimanin 300,000. A cikin duk wannan, waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Abin da mafi yawan masana suka tsaya a kai, tun bayan bitar da Solly Zuckerman ya yi a 1951, shi ne ba a ƙara mata sababbi bayan haihuwa. Da guzurinta ta zo duniya.

Ma'anar wannan ita ce, ƙwan da aka halicce ka daga gare shi an tanade shi ne lokacin da mahaifiyarka take cikin mahaifiyarta. Ta wajen uba ma haka ne, kakannin 'ya'yan maniyyinsa sun yi wannan tafiya ne yana cikin tasa uwar. Kakanninka mata biyu kowace ta ɗauki rabin asalinka a cikinta, shekaru da yawa kafin iyayenka su san juna. Tun da na fahimci haka, wasan nan na kaka da jika, ita tana ce masa "mijina" ko ta ce mata "kishiyata", ya ƙara mini daɗi. Dangantakar ta fi yadda muke zato tsufa. Haka kuma mai cikin 'ya mace, idan cikin ya kai wata biyar, mutum uku ne a zaune wuri guda: ita, da 'yarta, da irin jikokinta. Wanda ya bar ta da yunwa, ko ya bar ta tana haɗiyar magungunan kan tire ba da sanin likita ba, ya san zuriya nawa yake wasa da su.

Ƙwan yakan fara rabuwar da za ta raba kuromosom ɗinsa biyu tun a cikin ciki, sai ya tsaya a tsakiya, ya yi ta jira. Wani zai jira shekara goma sha uku, wani arba'in da biyar. Tsawon jiran nan yana sa abin da ke riƙe da kuromosom ya yi rauni, shi ya sa ɓari ke ƙaruwa da shekaru, haka ma haihuwar yaro mai lalurar Down, wadda kuromosom na 21 ke zuwa uku maimakon biyu. A wajen shekara arba'in, kusan haihuwa ɗaya ce cikin ɗari. Wannan ba laifin uwa ba ne, ba kuma baki ko sammu ba ne.

Namiji nasa tsarin daban. Ƙwayoyinsa sukan kwanta barci a cikin maraina har ya balaga, sannan su farka su shiga aiki, miliyoyi kowace rana, kowane ɗan maniyyi yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya kammalu. Su kansu marainan a can sama kusa da ƙoda aka gina su, sai a watannin ƙarshe na ciki suke saukowa jakarsu, domin aikinsu yana son wuri mai ɗan sanyi fiye da cikin jiki. A cikin yara maza ɗari da aka haifa a kan lokaci, kimanin uku sukan zo da ɗaya ko duka biyun ba su sauko ba. Da yawa sukan sauko da kansu a watannin farko. Wanda ya wuce wata shida bai sauko ba, ƙaramar tiyata ake yi masa, kuma an fi so a yi ta kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Idan aka bar shi a ciki zafi yana lalata irin, kuma haɗarin ciwon daji yana ƙaruwa. Kakanni da ungozoma masu yi wa jariri wanka su suka fi kowa damar lura da wannan. Shafawa ɗaya ce a cikin ruwan ɗumi.

Akwai kuma waɗanda suka ɓace a hanya amma ba su mutu ba. Da yake ƙwayar iri tana ɗauke da ikon zama kowane sashe na jiki, idan ta zauna inda ba wurinta ba takan iya zama ƙari mai ban tsoro, a buɗe shi a tarar da gashi, da haƙori, da guntun ƙashi a ciki. Likitoci suna kiran sa teratoma, kuma suna danganta irin waɗanda ke fitowa a tsakiyar jiki, a ƙirji ko a cikin ƙwaƙwalwa, da waɗannan ɓatattun matafiya. Akwai wanda ake haihuwar jariri da shi a ƙarshen ƙashin baya, wani lokaci ya kai girman kan jaririn. Yakan faru sau ɗaya a haihuwa 35,000 zuwa 40,000, kuma ya fi samun 'ya'ya mata. Na san abin da za a faɗa a unguwa idan aka ga irin wannan, za a ambaci iska, a ambaci ɗan ruwa, a ɓoye jaririyar a ƙuryar ɗaki. Alhali mafi yawansu ba daji ba ne a ranar haihuwa, kuma idan aka cire da wuri tare da ɗan ƙashin da ya tsiro a kai, yawancin yaran suna tashi lafiya. Ɓoyon ne ke ba shi lokacin rikiɗa.

Yanzu sai in koma kan mijin gwaggona na fari. Abin da ya hana shi zuwa asibiti, kuma yake hana dubban maza har yau, shi ne tunanin cewa muddin namiji yana da kuzari kuma yana fitar da maniyyi, to ya fita daga zargi. Wannan shi ne kuskuren Waldeyer a cikin rigar gida. Ruwan maniyyi mafi yawansa daga wasu gaɓoɓi daban yake fitowa, 'ya'yan da ke cikinsa kaso ne ɗan kaɗan da ido ba ya gani. Akwai mazan da komai nasu lafiya lau, amma idan aka duba marainansu sai a tarar da bututun da ake yin iri babu iri a ciki. Wani tun a cikin uwa abin ya faru. Wani hangum ne ya kama shi bayan ya balaga ya sauka a maraina. Wani ciwon sanyi ne da ba a yi maganinsa da kyau ba ya toshe hanya. Wani jijiyoyin jini ne suka kumbura a jakar. Wasu daga cikin waɗannan suna da magani, amma sai an duba.

Mata ma akwai masu irin wannan jarrabawa tun daga ciki. A lalurar da ake kira ta Turner, wadda ke samun kimanin ɗaya cikin 'ya'ya mata 2,500, ƙwayoyin iri suna isa masauki, amma yawancinsu suna ƙarewa da wuri. Yarinyar da aka haifa haka me ta yi? Wane zunubi ta aikata a makonnin da ko suna ba ta da shi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitocin fannin kuma sun daɗe suna faɗin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun matsalar namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha: babu allura, babu yanka, ɗan abu ne a kwalba a duba da madubi. Na mace ne ke bukatar ɗibar jini, da hoto, da duba bututu, da zarya wata da watanni. Amma a layin asibiti mata ne zaune, su kaɗai, wasu ma a ɓoye suka zo da kuɗin adashinsu.

Gwaggona ta yi sa'a ta sami gida na biyu, ta goya 'ya'yanta, ta ga jikoki. Matan da mijinta na fari ya aura a bayanta ban ga an ba su haƙuri ba, kowace ta fita da tabon da ba nata ba. Don haka ina roƙon iyaye mata masu ɗa a ɗakin aure: Hajiya, kafin ki ce a ƙaro wata, ki ce wa ɗanki ya je a duba shi. Kai kuma ɗan'uwa, idan shekara ta zagayo kuna tare babu labari, ɗauki matarka ku tafi asibiti tare, kuma idan likita ya tambaya da wa za a fara, ka ce da kai.